IN JIRGI YA YI YAJI, WA ZAI JE BIKO?

 Yau hirar tamu a kan jirgin ƙasa take. Na san wata za ta kama baki ta ce, "Ikon Allah! Mutuniyar Zuru da zancen jirgin ƙasa? Ina ta gan shi?" Gaskiyarki 'yar uwa, layin dogo bai taɓa ratsa ƙasarmu ba. Tun da Turawa suka kai shi Kano a 1911, suka ja reshensa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, mu dai sai jin labari. Duk mai son hawa daga nan sai ya bi mota ta Rijau da Kontagora da Tegina ya tare shi a Zungeru ko Minna, ko kuwa ya nausa Kaduna. To amma fa wannan nisan shi ya ba ni bakin magana. Matar da gidanta ke bayan tasha, in ta je ta tarar babu jirgi, juyawa kawai za ta yi ta ɗora tukunyarta. Mu kuwa kafin mu ji kukansa mun riga mun kashe kuɗin mota, mun yi sallama da dangi, mun ba maƙwabta ajiyar kaji da awaki. Komawa gida a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ai mu mutanen Zuru matafiya ne tun asali. Kowa ya san ƙasarmu da aikin soja, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da hoton wani da kaki a jikin bango ba. Inda duk aka kai namiji, Kaduna ne ko Ibadan ko Inugu, nan matarsa za ta bi shi da tabarmi da tukwane da goyo, kuma a zamanin iyayenmu jirgin ƙasa ne ke kai su. Yau kuwa tafiyar ta ƙara tsawo. Wannan 'yarta na aikin jinya a Ingila, waccan mijinta na karatu a Faransa, wata za ta raka mahaifiyarta asibiti a Indiya, wata kuma Umara za ta, inda tun 2018 wani jirgin ƙasa mai gudun gaske ke haɗa Makka da Madina. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ranar da aka gama shi, 'yar kasuwa za ta tsallaka iyaka tana zaune a cikin tarago. Kin ga ke nan zancen nan namu ne, ko da ba yau ba.

Abin da nake so mu duba shi ne ranar da jirgi ya ƙi motsi alhali lafiyarsa ƙalau, masu tuƙa shi ne suka ajiye aiki. Ku lura da sunan da Bahaushe ya ba abin: yajin aiki. A wurin wa ya aro kalmar? A wurinmu mana! Mu ne masu yaji tun kafin a san kamfani da albashi. Kuma kowace mace ta san yaji ba ya faɗowa daga sama kamar aradu. Kafin mace ta ɗauki gyalenta ta nufi gidansu, ta yi ƙorafi, ta yi gugar zana, ta kai ƙara wurin uwar miji, ta kwana uku ba a ga haƙorinta ba. Maƙwabta duk sun ga hadari na haɗuwa, maigida kaɗai ne zai fito yana tafa hannu yana cewa shi bai san me ya yi mata ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sannan yaji ba saki ba ne, yana da dalili, yana da biko, yana da ranar dawowa. To haka na ma'aikatan jirgi yake, ba ragi ba ƙari. Macen da ta iya karanta fuskar maƙwabciyarta ta ce "wannan ba za ta kai Juma'a a ɗakinta ba," ita ya fi kamata ta iya karanta yajin jirgi kafin ya ritsa da ita.

Abin kuma ba yau ya fara ba. A watan Yunin 1945, ana tsakiyar tsadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo, ma'aikatan reluwe a ƙarƙashin Michael Imoudu suka shige gaba aka yi yajin gama-gari a Nijeriya, suna neman a ƙara musu kuɗin rage raɗaɗin tsada. Aka shafe fiye da mako shida ana jan igiya da Turawan mulki. A ƙasashen rainon Faransa, ma'aikatan layin Dakar zuwa Bamako sun ajiye aiki daga 10 ga Oktoban 1947 har zuwa 19 ga Maris na 1948, wata biyar cur da 'yan kwanaki. Marubucin nan na Senegal, Sembène Ousmane, ya gina wani littafinsa na 1960 a kan wannan yajin, kuma ya ba mata babban gurbi a cikinsa, domin kuwa su suka san yadda aka ciyar da yara babu albashi. Alhazanmu na da, masu bin ƙasa ta Chadi su shiga jirgi a Sudan ya kai su bakin Bahar Maliya, su ma ba su tsira daga irin wannan ba, don ma'aikatan jirgin garin Atbara sun yi nasu yajin a 1947 da 1948. A Indiya, watan Mayun 1974, ma'aikatan jirgi sama da miliyan ɗaya suka zauna a gida har kusan mako uku. Nan gida kuma, ranar 18 ga Nuwamban 2021, ma'aikatan reluwe sun shiga yajin gargaɗi a kan albashi, jirgin Abuja zuwa Kaduna bai motsa ba, na Ikko zuwa Ibadan ma haka. Kuma ba a ɓoye suka yi ba, sai da suka sanar tukuna.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana da labarin da take ba mu duk lokacin da ta ga ɗayanmu na ɗaure kaya. A farkon daminar 1964, tana amarya, aka haɗa ta da ƙanen mijinta ya raka ta barikin da kakanmu yake aiki a kudu. Kwana biyu suka yi a bayan babbar mota kafin su kai tasha. Da isarsu suka tarar da mutane jibge a kan kayansu, sun yi jugum. Ashe yajin gama-gari aka shiga tun 1 ga Yuni, wanda bai ƙare ba sai ranar 13 ga wata. Komawa gida babu kuɗin mota, gaba kuma babu hanya. Ta ce a daren farko kuka ta yi ta yi, ɗan rakiyar nata kuwa yaro ne, shi ma neman mai lallashinsa yake. Da gari ya waye wata Banufiya, matar wani ma'aikacin jirgi da ke gidajen bayan tasha, ta gan ta da lalle a ƙafa ta ce, "Amarya ba ta kwana a fili, taso mu je." Kwana tara ta yi a ɗakin matar nan.

Abin da kakata ba ta mantawa da shi shi ne abin da ta gani a gidan. Mai gidan yana cikin masu yajin, wato yana cikin waɗanda suka tsayar da ita a hanya, amma rumbunsa wayam, matarsa na auna gari da tafin hannu. Sai kakata ta kwance garar da aka haɗo ta da ita, gero da dawa da daddawa da kuka, suka riƙa dafawa tare har ranar da jirgi ya yi kuka. Takan ce mana abu biyu ta koya. Na ɗaya, guzuri ya fi hanya tsawo, in tafiyar kwana uku ce ki ɗauki na bakwai. Na biyu, kafin ki tsine wa mai yaji ki leƙa tukunyar matarsa.

To bari mu tsallaka ƙetare, inda da yawa daga cikinmu ke ɗauka komai a tsare yake kamar agogo. Jiragensu na da kyau, ba musu, amma wallahi a wasu ƙasashen Turai yajin jirgi ya fi namu yawa. Bambancin kawai shi ne nasu yana da ƙa'ida, kuma mai hankali zai iya cin moriyar ƙa'idar. A Faransa, dokar 2007 ta tilasta wa direban jirgi da ire-irensa su faɗa kwana biyu kafin su shiga yaji, kamfanin kuma ya fitar da jerin jiragen da za su tashi tun ana gobe. A 2018 ma'aikatansu ma kalanda suka buga: daga 3 ga Afrilu zuwa 28 ga Yuni, kwana biyu yaji, kwana uku aiki, haka suka yi ta juyawa. Amma wanda suka fara ranar 5 ga Disamban 2019 a kan kuɗin fansho, shi ba shi da ranar ƙarewa, ya haɗiye bukukuwan ƙarshen shekara ya tsallaka cikin Janairu. A Italiya sai an ba da sanarwar kwana 10, kuma ko ana yaji, a ranakun aiki jiragen kusa suna tashi daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na dare, don kada ɗan makaranta da ma'aikaci su rasa na zuwa da dawowa. A Jamus direbobi sun tsayar da jirage har kwana biyar a Janairun 2024. A Ingila kuwa, a watan Yunin 2022 ma'aikata wajen 40,000 suka fara wani yaji da rabon a ga irinsa tun 1989, aka yi ta yinsa jefi-jefi, rigimar direbobi ba ta mutu ba sai a 2024. A lokacin doka ta ce sai an ba da sanarwar kwana 14.

Wannan na Ingila da idona na gan shi, gani kuwa ya kori ji. Yayata tana aikin jinya a wani gari da ke arewacin ƙasar, tafiyar awa biyu da 'yan kai a jirgi daga Landan. Da ta haihu a ƙarshen Nuwamban 2022, mahaifiyarmu ƙafa ta hana ta tafiya, sai aka ce ni in je in yi mata zaman jego. Na haɗa mata yajin jego da garin kunun kanwa da kuka da kuɓewa busasshiya, ban da kilishi, don ba sa barin nama ya shiga musu ƙasa. Kuɗin tikiti rabi ita ta turo, rabi adashina ne na shekara guda da ribar littafina na uku. Maigidana ya yarda da kwana arba'in, ba da son ran danginsa ba. Na bar yara uku a hannun uwar mijina, kuma sai da na ji da kunnena wata ƙanwarsa na cewa, "Mace mai rubuce-rubucen soyayya a sake ta ta je Turai? To mu dai Allah ya sa ta dawo." Tikitin dawowata na ranar 5 ga Janairu ne, daga Landan.

Ko suna ba a yi ba na ji a rediyo ana lissafa ranakun yajin da ke tafe: 13 da 14 da 16 da 17 ga Disamba, sannan 3 da 4 da 6 da 7 ga Janairu. Daga baya direbobi suka ce su kuma ranar 5 za su yi nasu. Kai! Kwana biyar a jere, ranar tafiyata a tsakiyarsu kamar ƙwai a cikin kwando. Mijin yayata ya ce, "Kada ki damu, za su shirya kafin lokacin, in ma ba su shirya ba ai wasu jiragen na tashi." Na ce, "Yaya, ni na san yaji. Matar da ta faɗi ranar tafiyarta tun da sauran wata guda, ba da wasa take ba. In jirgin sama ya tashi ya bar ni, ba ni da kuɗin wani tikitin, kuma a Zuru ba wanda zai ce jirgin ƙasa ne ya yi yaji, cewa za a yi ni ce na yi." Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ɗauki waya ya kama mini kujera a bas tun da sauran mako uku. Na bar garin ranar 3 ga wata, na kwana biyu a gidan wata Bakanuwa ƙawar yayata a unguwar Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da yawa, mijinta ya kai ni filin jirgi da asuba.

A tashar bas ɗin nan na ga abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Wata mata baƙar fata da yara biyu da akwatuna huɗu, tana bin layi tana roƙon ko akwai mai sayar mata da kujerarsa. Jirginta na sama daren ranar zai tashi, tikitin jirgin ƙasa kuma yana hannunta ya zama takarda. Mijinta ne ya shirya komai, shi kuma ya riga ya yi gaba, ita ko sunan filin jirgin da za ta ba ta riƙe sosai ba. Kujera ɗaya gare ni, su uku ne, ba yadda zan yi. Na ba yaran cincin ɗin da ke jakata, motarmu ta tashi ina hangenta ta taga tana share hawaye da bakin mayafi. Don ita nake wannan rubutu, da ire-irenta.

Saboda haka 'yar uwa, ga abin da nake ba ki shawara. Da farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanki tikiti ki tambayi wanda za ki wurinsa, "Ana maganar yaji a garinku?" Ki kasa kunne ga labaran duniya a BBC ko DW ko RFI, duk suna da sashen Hausa, kada ki murɗe rediyo da zarar an gama gaishe-gaishe. In kina da waya mai intanet, kowane kamfanin jirgi na da shafin da yake sanar da ranakun yaji da jiragen da za su tashi. Ki sake dubawa ana saura mako guda, ki kuma dubawa ana gobe da yamma, don a lokacin ne ake fitar da jerin ƙarshe. Ki haddace kalmar yaji da harshen ƙasar, ko da ita kaɗai kika sani: Faransawa na rubuta grève, mutanen Italiya sciopero, Jamusawa Streik. In kin gan ta a jikin allo ko a wayarki, to ki nemi mai fassara miki, matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kada ki kuskura ki haɗa jirgin ƙasa da jirgin sama a rana ɗaya, haka ma ranar ganin likita ko ranar ɗaurin aure. Ki sa kwana ɗaya a tsakani, in da hali biyu. Kuɗin masauki na dare guda bai kai rabin rabin sabon tikitin jirgin sama ba. Kada kuma ki ce ai yajin jiya ya ƙare, yau lafiya lau. Macen da aka yi bikonta da daddare ba ta tashi da asuba ta hura wuta, sai ta ɗan ja aji. Haka jirgi yake, washegarin yaji ba ya fita da wuri, don taragun ba sa inda ya kamata su kwana. A Ingila, a ranakun yajin 2022, kusan jirgi ɗaya cikin biyar ne ke tashi, su ma daga wajen bakwai da rabi na safe zuwa shida da rabi na yamma, cike maƙil, mai goyo ba ta samun wurin sa ƙafa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Na uku, ki riƙe hanya ta biyu tun da wuri. Da zarar an sanar da yaji kowa bas yake rugawa, kujeru su ƙare, kuɗinsu ya hau. Wadda ta kama tun farko ita ce mai riba. Amma in ta ƙure miki a tasha, kada firgici ya sa ki shiga motar wanda ba ki sani ba don ya ce hanyarku ɗaya. Ki nemi ma'aikaci mai kayan aiki a jikinsa, ko ki raɓi wata mace mai iyali. Wannan ko a Kaduna ne haka nake faɗa, balle a ƙasar da ba ki jin yarensu.

Na huɗu, ki san haƙƙinki, kada kunya ta sa ki bar kuɗinki. In an soke jirgi, kuɗin tikitinki naki ne, ko a mayar miki ko a sauya miki rana. A ƙasashen Tarayyar Turai, in jirgi ya kai ki a makare da awa ɗaya ana mayar miki da kashi 25 cikin 100 na kuɗin, in ya kai awa biyu kuwa rabi ne, kuma kamfani ba zai fake da cewa ai ma'aikatansa ne suka yi yaji ba. Ingila ta fita daga Tarayyar amma ita ma tana da nata tsarin biyan diyya. Sai dai galibi ba a biyan wanda bai nema ba. Ki adana tikiti da rasit, kada ki ba yaro ya yi wasa da su. Wajen saye kuma ki tambaya ko irin wanda ake iya sauya wa rana ne, don mafi arha sau da yawa shi ne mafi taurin kai.

Na biyar, kuma wannan shi ya fi tsaya mini a rai: takardunki da ilimin tafiyarki su kasance a hannunki. Ba rashin biyayya ba ne ki ce wa maigida, "Zauna ka nuna mini, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, wane fili?" Ki rubuta adireshi da lambobin waya a takarda da biro, ki sa a jakar hannu tare da fasfo, don waya na iya mutuwa a lokacin da kika fi bukatarta. Ki ƙulle 'yan kuɗin ƙasar a inda ke kaɗai kika sani, kamar yadda iyayenmu ke yi a bakin zane ko a lalita, waɗanda za su ishe ki masaukin dare ɗaya da motar haya. Kuɗin tsaraba daban, wannan daban, ba a taɓa shi sai ido ya raina fata.

Na shida, guzuri. Ruwa, cincin, dabino, gyaɗa, madarar jariri da kayan sauyinsa, maganin da kike sha kullum, duk su zauna a ƙaramar jaka a jikinki. Ki rage kaya. A tashoshin Turai babu ɗan dako mai jiran ki yafito shi, abin da ba za ki iya hawa matakala da shi ke kaɗai ba, ga goyo, to ya yi miki yawa. Na san da ciwo, don kowa a gida na jiran tsaraba, amma gara a ce kin zo hannu sake da a ce ba ki zo ba.

Na bakwai, ki sanar da mutanen gida tun kafin abin ya faru. Ni tun cikin Disamba na buga wa maigidana da uwar mijina waya na karanta musu ranakun yajin ɗaya bayan ɗaya, na faɗi shirin da na yi. Uzurin da aka faɗa tun da wuri shi ake kira hankali, wanda aka faɗa bayan an makara kuwa, ko gaskiya ne, sunansa ƙarya a bakin dangin miji. Kada kuma ki manta ƙafar farko ta tafiyarki a gida take. Ranar 3 ga Yunin 2024, da ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yaji a kan mafi ƙarancin albashi, har filayen jirgin sama na Abuja da Ikko aka rufe, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Wadda ta baro Zuru da asuba ba ta ji labari ba, sai dai ta je bakin ƙofa ta yi zuru.

Abu na ƙarshe, idan yaji ya ritsa da ke, ki kama bakinki daga zagi. A wancan Disamban da nake ba ku labari, tsadar kaya a Ingila ta haura kashi 10 cikin 100 a shekara guda. Ranakun 15 da 20 ga wata ma'aikatan jinya, abokan aikin yayata, suka fito cikin sanyin nan mai fasa ƙashi suka tsaya a ƙofar asibitoci, abin da ƙungiyarsu ba ta taɓa yi ba a Ingila cikin fiye da shekara 100. Ina zaune ina gasa wa yayata jiki tana kallonsu a talabijin tana cewa da ba don jego ba da tana cikinsu. To da wane bakin zan zagi direban jirgi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kowane yaji ne ke kan gaskiya ba, kamar yadda ba kowace mai yaji ce aka zalunta ba, amma raba wannan gardama aikin gwamnati ne da shugabannin ƙungiya, su ne masu zuwa biko. Ke matafiya ba a gayyace ki zaman sulhu ba. Naki shi ne ki ji labari da wuri, ki ƙara kwana, ki ƙara guzuri, ki riƙe takardunki, sannan in kin ga wata 'yar uwa ta rasa yadda za ta yi, ki matsa mata ta zauna.

Allah ya kai mu inda za mu lafiya, ya dawo da mu ɗakunanmu lafiya, ya huci zuciyar masu yaji, na gida da na tasha. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.